Paris Ta Fi Othaya Kusa

Jama'a, yau ku bar ni in amayar da abin da ke cikina, don in na ci gaba da haɗiye shi ina jin sai an ba ni gado a asibiti. Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, Mukami ce, 'yar Ruiru, shekara ashirin da bakwai, ma'aikaciyar inshora a Nairobi, har yanzu kuma ina gaban iyayena. Ba don na rasa mai so ba. Gathogo yana nan, likitan dabbobi, dogo, mai haƙurin da wani lokaci har haushi yake ba ni. Shekara biyu ke nan yana roƙon a sa masa ranar da manyansa za su zo gidanmu neman aurena, shekara biyu Baba yana ce masa "tukuna".

Da farko cewa ya yi sai an gama ginin shagonsa. Aka gama. Ya ce sai damina ta wuce. Ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Ana cikin haka yayana Kibe da ke aikin jinya a Jamus ya kira ya ce zai kai Baba da Mama yawon Turai na mako biyu, murnar cikarsu shekara talatin da aure. Bai rufe baki ba Baba ya samu sabon uzuri.

"To, madalla. In mun dawo daga Turai sai mutanen yaron nan su zo."

Ni kuwa na cafke maganar da hannu biyu. Karo na farko ke nan da uzurin Baba yake da ranar ƙarewa. Na ce wa Kibe ya bar mini komai, ni zan tsara tafiyar. A raina na ce ko a bayana ne sai na goya su na kai su Turai na dawo da su.

Da na san abin da na ɗauko wa kaina!

Mako uku ina fama. Na manna babbar takarda a bangon ɗakina, na ja layi goma sha huɗu, kowace rana da nata. Kwana uku a Roma, kwana huɗu a Paris, jirgin ƙasa zuwa Amsterdam, a ƙarasa wurin Kibe. Na nemo masauki mara matakala saboda gwiwar Mama. Na kai wa Baba tsarin a falo, yana kishingiɗe a kujerarsa da Mama ta lulluɓe da farin saƙa, ya sa tabarau ya bi shi layi-layi kamar takardar jarrabawa.

"Kwana huɗu a Paris? Uwata, me za mu yi kwana huɗu? Hasumiyar ƙarfen nan tasu ai kallo ɗaya ce." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce mini Uwata.

"Baba, akwai gidajen tarihi, akwai kogi, akwai…"

"Rage biyu ki ƙara wa Amsterdam, ƙasar nan mai shanu. An ce saniyarsu ɗaya tana cika bokiti uku. Sai na gani da idona."

Na rage. Mama ta ce ita ba za ta hau kwale-kwale ba ko da wasa, na goge kwale-kwale. Ta ce za ta tafi da garin masara da ganyen shayinta, don ba ta yarda da abincin mutanen da ke cin ganye ɗanye ba. Baba ya ce jirgin da na zaɓa yana tashi ranar Lahadi, shi kuma ba ya fashin coci. Na sauya. Takardar nan ta sha gogewa har ta huje a wurin rana ta shida.

A ranar Litinin ina cikin matatu, motar hayarmu, zan tafi aiki, an matse ni tsakanin wata mai buhun kabeji da taga, saƙon Gathogo ya shigo.

"Mukami, kawuna ya tara mu jiya. Ya ce zuwa ƙarshen watan nan in babu rana, za su ɗauka gidanku ba sa so ne, kunyar faɗa suke ji. Na yi iya ƙoƙarina. Kwana goma sha ɗaya suka rage."

Na karanta sau uku. Na rubuta "Ka ce su ƙara haƙuri", na goge. Wane haƙuri kuma? Na rubuta masa, "Alhamis ta sama za mu shigar da takardun biza. Ana karɓa zan sa Baba ya faɗi rana, ko da ta bayan dawowa ce."

"Na yarda da ke," ya ce, har da ɗan hoton zuciya. Abin ya ƙara cunkushe mini rai.

Da tsakar rana na tafi ofishin matar da ke haɗa mana takardun. Na sha rigata ta atamfa ruwan zuma da baƙin takalmi mai tsini, jakata cike da fayil, ina ji da kaina don na tabbata babu abin da na bari. Ta dinga buɗe takardun da dogayen farcenta ja, tana taunar cingam. Fasfo, hotuna, wasiƙar gayyata daga Kibe, inshora, masauki. Sai ta tsaya.

"Ina takardar aure?"

"Ta wa?"

"Tawa," ta ce tana harara ta. "Ta iyayenki mana, 'yar'uwa. Mamanki ba ta da takardar aiki, a ƙarƙashin mijinta za ta shiga. Kuma kin rubuta musu murnar cikar aure za su je. To ina auren?"

Na yi dariya na ce wannan ai mai sauƙi ce, gobe za ta gan ta.

Da na koma gida na tarar da Mama a bayan kicin kan 'yar kujera, tana tsince wake a faranti, ɗankwalinta shuɗi a ture, ƙafa babu takalmi kamar kullum.

"Mama, takardar aurenku nake so."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Tambayi ubanki."

Na je falo. Baba ya ce, ba tare da ya sauke jarida ba, "Tambayi uwarki, ita ke ajiya."

Na dawo. Mama ta ce wai kanta ke ciwo, kuma ita tun farko ba ta ce tana son zuwa Turai ba, sanyi ne da su. Jama'a, mako uku! Matar da ta riga ta auna garin masara ta ƙulle a leda! Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na shige ɗakinsu na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Babu abin da babu a ciki: katin baftismarmu, katin rigakafin Kibe, takardar rediyon da ya lalace tun ina firamare, haƙorina na farko a ƙullin takarda. Takardar aure ce kawai babu. A can ƙasa na tsinci wani tsohon hoto da ban taɓa gani ba. Mata bakwai ne a jere a tsakar wani gida, kowacce an lulluɓe ta da zanen leso tun daga ka har idon sawu, ƙafafunsu kawai ake gani. Ta uku daga dama tana sanye da takalmi mai ɗauri da ya fi na sauran kyau.

Na san mene ne. Duk 'yar ƙabilarmu ta Kikuyu ta sani. Ranar yankan kafaɗa ce, ranar da ake kammala aure. A jera amarya cikin 'yan'uwanta a lulluɓe, ango ya zo ya nuna tasa, daga nan ya yanka gasasshiyar kafaɗar rago ya ba ta a gaban dangi, shi ke nan aure ya ɗauru har abada. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa hoton biki yake ɓoye a ƙasan akwati, alhali bangon falonmu har hoton saniyar Baba yana rataye.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Washegari na ɗauki hutun rabin yini na nufi kasuwar Githurai wurin Inna Nyaguthii, ƙanwar Mama, mai sayar da gwanjo. Ita ce duk taron dangi sai ta kama hannuna ta ɗaga ta ce, "Har yanzu yatsan nan tsirara yake?" Na same ta ta buɗe sabuwar dila, tana ta ciniki da murya kamar lasifika.

"A'a, ga 'yar Turai! Ke, jakar hannu nake so, ta fata, kada uwarki ta kwaso mini irin wadda nake sayarwa. Ya maganar likitan shanu? Ko sai kin fara furfura?"

Na miƙa mata hoton. Murmushin ya ɓace. Ta kori mai cinikin siket, ta jawo mini kujera.

"Ina kika samo wannan?"

"Inna, wace ce Mama a nan?"

Ta ɗora yatsa kan ta ƙarshe, mai silifas. Sannan ta matsar da shi kan mai takalmi mai ɗauri. "Wannan kuma ni ce. Ja ne takalmin, hoton ne bai nuna ba. Ubanki ya saya wa uwarki a Nyeri. Suka ƙulla a ɓoye cewa shi za ta sa, in ya zo sai ya duba ƙasa kawai."

"To?"

"To kawunki Ndirangu ya ji labari. Kin san shi da neman magana, a lokacin ma ya fi haka. Ana gab da fito da mu ya shigo ɗaki ya ce mu yi musanyar takalmi, ni da uwarki. Uwarki ta ƙi, ya daka mata tsawa. Ni yarinya ce, shekarata sha tara, wasa na ɗauka. Ubanki ya shigo cikin kwat ɗin aro, mata na guɗa, ko kallon sauran bai yi ba. Kai tsaye ya zo ya yaye mini zane."

Ta fara dariya, sai kuma ta danne ta da bakin zaninta.

"Inna, ai ana yin haka. Tara ake ci, akuya ɗaya, a yi dariya a wuce."

"Da an bar shi haka, da an wuce. Amma Ndirangu sai ya hau kan benci ya ce, 'Jama'a, ashe ba ƙanwata ya zo aure ba, takalmi ya zo aure. Ku naɗe masa takalminsa ya tafi da shi.' Kuma ya sa aka cire daga ƙafata aka naɗe a jarida aka miƙa masa. Mutum sun fi ɗari biyu, Mukami. Har tsofaffi suna riƙe ciki. Ubanki ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya juya ya fita. Ga rago a kan wuta, ga wuƙa a faranti, ko taɓa ta bai yi ba."

"Mama fa?"

"Uwarki ta yar da zane ta bi shi da gudu, silifas ɗaya a ƙafa. Ta tarar har sun ta da a-kori-kurar da suka zo da ita, ta ɗare baya. Ranar ce suke ƙirgawa shekara talatin. Tun daga ranar ƙafar ubanki ba ta sake taka ƙauyenmu Othaya ba. Ko rasuwar kakanki a bakin titi ya tsaya cikin mota."

Ni da nake zaton ciwon baya ne ke hana shi raka mu ƙauye duk Kirsimeti. Na ce to ai sai a je ofishin rajista a yi takardar yanzu, me ye a ciki?

"Je ki mana. Za su ce ki kawo babba daga dangin mace ya shaida an kammala al'ada. Wane babba ya rage mana in ba Ndirangu ba?" Ta kama hannuna, wannan karon ba ta ɗaga shi ba. "Ke ba ki gane ba har yanzu? Wanda bai yanka wa matarsa kafaɗa ba, ba ya zama ya karɓi masu neman 'yarsa. Ba shago ba ne, ba damina ba ce. Ko duniyar wata kuka kai shi ya dawo, 'tukuna' zai ce."

Wato duk daren da na… kai, ba ma sai na faɗa ba. Duk wahalar da na sha ina auna nisan masauki da tashar jirgi, ashe rijiya nake haƙa a inda babu ruwa. Na ce mata, "Ke kuma da kike bi na da gorin yatsa, kin san da wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina yi ne don ubanki ya ji. Ni ba ni da bakin yi masa magana, ƙafata ce ta jawo abin."

Na isa gida da la'asar. Mama tana ɗaki tana ninke rigunan sanyin da na sayo mata. Na rufe ƙofa na ajiye hoton a kan gado. Ta daɗe tana kallonsa.

"Nyaguthii ba ta iya riƙe bakinta ba."

"Mama, shekara biyu kina kallona ina kuka a kicin ɗin nan."

"Ina kallonki." Muryarta ta yi rauni. "Na roƙe shi har na gaji. Ndirangu ma ya tsufa, sau biyu yana aiko a ce masa ƙofa a buɗe take. Ki bar ganin ina auna gari, Mukami, ni ba Paris nake so ba. So nake a lulluɓe ni a tsakar gidan ubana, mijina ya zo ya ce ga tawa. Kuma wannan karon babu takalmi. Duk mu bakwai ƙafa tsirara."

"Haba Mama! Ki sauƙaƙa mana, kwana goma ya rage mini!"

"Shekara talatin ina wanke masa kaya. In bai san ƙafata ba, ya zauna."

Kun ji fa. Ni ce a tsakiya, taurin kai ta gabas, taurin kai ta yamma.

Na shiga ɗakina na yage takardar daga bango. Na ɗauki biro, a saman rana ta ɗaya, inda na rubuta Roma, na ja layi na rubuta wani abu. Na kai wa Baba falo. Yana sanye da rigar sanyinsa ruwan toka mai maɓalli, rediyo na ta surutu a gefensa. Na durƙusa na miƙa masa.

"An sake gyara ne?" Ya sa tabarau. Ya karanta a bayyane, "Rana ta ɗaya, Othaya, gidan Kawu Ndi…" Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Wa ya aike ki?"

"Babu kowa, Baba. Mai biza ce ta ce in kawo takardar aure."

"To a fasa tafiyar. Dama ni shanun kawai nake son gani."

"In an fasa, wane uzuri za ka ba Gathogo?" Ban san lokacin da ta fito ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba, amma na riga na tsunduma. "Baba, ka yarda ka hau jirgi awa takwas ka je ƙasar da ba ka san kowa ba. Othaya awa biyu ce. Ƙarshen wata mutanensa za su janye. Ka faɗa mini laifin da na yi, in san abin da nake biya."

Na jira tsawa. Ba ta zo ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, sai na ga ashe ya tsufa.

"Kina zaton ban so ki yi aure ba ne, Uwata? In na karɓi ko akuya ɗaya a kanki ban sauke nawa ba, ba ni abin zai bi ba, ke zai bi, da 'ya'yanki. Haka muka taso muka ji, ni kuma ba zan gwada da ke ba."

"To ka je ka sauke."

"Sun yi mini dariya." A hankali ya faɗa, yana kallon tebur. "Har yau in na ga jan takalmi a kasuwa sai in ji ta a kunnena."

"Rabin masu dariyar sun mutu, Baba."

"Rabi suna nan." Ya juya tabarau ɗin a hannunsa. "Na ji abin da uwarki ta ce, bangon nan ba kauri gare shi ba. Babu takalmi. To in na je, a gaban 'ya'yana, a gaban surukan da ban karɓa ba tukuna, na sake yaye wata fa?"

Shekara biyu ina zaton girman kai ne. Ashe tsoro ne.

Wayata ta yi ƙara a cinyata, saƙo ya shigo. Gathogo. "Kawu ya sake kira. Me zan ce masa?" Ban amsa ba, don a daidai lokacin Mama ta turo labule da tiren shayi. Ta ajiye a tebur, ta zuba masa, ta sa sukari cokali biyu, ba ta kalli kowa ba. Ni kuwa ina kallon Baba. A hankali ya mayar da tabarau ɗinsa, ya sunkuyar da kai kamar mai duba takardar da ke cinyarsa. Ba takarda yake dubawa ba. Ƙafar Mama yake bi da ido a kan siminti, tun daga tebur har ta ɓace a bayan labule.

Ya ɗauki kofi, ya ajiye bai sha ba. Ya ninke takardar tafiyar biyu, ya sa a aljihun rigarsa. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Uwata. Tabon ƙunar nan da uwarki ta samu a ƙafa shekarar da aka haife ki. A ta dama yake ko a ta hagu?"

Na ɗaga hannu zan nuna masa, sai muryar Mama ta taso daga kicin, tar, kamar tana tsaye a kanmu.

"Mukami! Kika faɗa masa, ban yafe ba."